Ɗantala Ya Goge Mini Muryar Mijina

Masu karatu, sannunku da haƙuri. Ke kuma baiwar Allah da kika rubuto kina cewa in daina zagin Ɗantala don mutumin kirki ne, karanta na yau tukuna, sannan ki dawo mu yi magana.

Waɗanda suka shigo yanzu, sunana Hamdiya. 'Yar Gangara ce ni, aure ya kawo ni Gazawa. Lakol, wato makarantar boko, ban yi nisa ba, don haka in kun ga rubutu ya karkace ku miƙe shi da kanku. Mijina Ashiru ya rasu a daminar da ta wuce. Zazzaɓi ya kwantar da shi ranar kasuwa, kafin wata kasuwar ta zagayo har an yi sadakar uku. Ya bar ni da gida mai ɗaki biyu, da tunkiya mai taurin kai, da ɗiya ɗaya wadda ba ta daɗe da yaye ba.

Sunan ɗiyar ba zan rubuta muku shi yanzu ba. Ba rowa ba ce. Ɗiyar fari ce, kuma sunan uwar Ashiru aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kan kai ɗaya. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ana yabonsa sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ake magana. Sunan suruka kuwa, ko a mafarki kika faɗe shi sai kin tashi kin kuskure baki. Tun da na haife ta "ke" nake ce mata. In ta yi nisa, "ke yarinyar nan". In ta burge ni sosai, "ke mummuna".

Shi kuwa Ashiru, Allah ya jiƙansa, ranar da aka yi rabon kunya yana kasuwa. Sai ya ɗora ta a wuya ya shiga tasha da ita, yana kiran sunanta da ƙarfi, sunan uwarsa fa, har masu kabu-kabu su riƙa yi masa dariya. Ya ce su haifi tasu su ɓoye a rumbu. Shi ke ba ta abinci. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ɗora ta a cinya, ya yi ta surutu kamar rediyo, ita kuma ta yi ta buɗe baki. Ni ina madafa ina tsaki, raina kuwa fari ƙal.

Da ya tafi, bakinta ya tafi tare da shi. Tuwo ta ƙi, fura ta ƙi, ko ƙosai sai ta riƙe a hannu har ya huce. Ba ta kuka. Zama kawai take a bakin ƙofa, daidai wurinsa, tana kallon zaure.

Innata, wadda ta zo daga Gangara ta taya ni zaman takaba kuma har yau ba ta tuna hanyar komawa ba, ta ce iska ce. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi har tunkiya ta yi tari. Yarinya dai sai ƙara zubewa take.

A bayan lakol ɗin unguwarmu akwai wata rumfar kwano, ana ce mata rumfar yara. Nan ake auna yara, a koya wa mata dama kunun gero da gyaɗa da garin zogale, in kuma rigimar gida ta shafi yaro nan ake zama a kanta. Madam Balkisu ke riƙe da wurin, doguwa ce mai tabarau, muryarta kamar ta jandarma. Mai awon kuwa shi ne Ɗantala. Shi ke sa yara cikin wani baƙin wando mai igiya ya rataye su a sikeli kamar buhun albasa. Hularsa kullum ta yi wa kansa kaɗan, rigarsa kullum da karin guga, kuma kafin moto ɗinsa ya shigo lungu turarensa ya riga ya yi sallama.

Ranar da na kai ta, ya naɗa mata wata 'yar igiyar roba mai launi uku a damtse. Kore lafiya ke nan, rawaya a yi hattara, ja kuwa sai kwanciya a gidan likita. Tawa ta tsaya a rawaya tana leƙen ja.

"Tamowa ce ke sallama," in ji Madam. Ta miƙo mini kofin kunu. "Ɗora ta a cinya. Dube ta cikin ido. Kira sunanta ki yi mata hira, sannan ki ba ta."

Na dubi matan da ke zaune a tabarma, wajen rabin unguwa.

"Madam, ɗiyar fari ce."

"To? Ɗiyar fari ba ta da ciki?"

"Sunan surukata gare ta."

"Surukar taki ce ke ramewa ko ita?"

Mata suka kwashe da dariya. Na juye kunun a kwanona na ce zan ba ta a gida. Raina na ce, wannan Madam ɗin da alama a littafi aka haife ta.

A gida ma ta ƙi. Ina nan ina tone-tonen salula, wato wayata, irin na mace mai neman abin da zai sa ta kuka, sai na faɗa kan wani tsohon saƙon murya. Ashiru ne ya aiko shi wata rana da ya ƙetara iyaka saro kaya, na gaya masa 'yarsa ta ƙi cin abinci. Na danna. Sai ga shi ya cika ɗakin, da ƙarar motoci a bayansa. Ya kira sunanta har sau biyu, ya ce, "'Yar Baba, zo buɗe baki. Haaam! Yawwa, gwanata. Wani kuma. Haaam! In kin cinye zan zo miki da alewa."

Ban ji shigowarta ba. Ɗagowar da zan yi, tana tsaye a gabana, bakinta a buɗe.

Na ba ta. Hawaye na zuba cikin kunun, ta sha har da gishirin.

Daga ranar haka muka koma yi. Lokacin abinci in shiga ɗaki, in saki labule, in kunna Ashiru. Mutum yana kabari yana ciyar da 'yarsa, ni riƙon cokali kawai ne nawa. Kumatu suka fara dawowa, igiyar roba ta matsa bakin kore. Madam ta riƙa nuna ni ga mata tana cewa, "Ku dubi Hamdiya, ta ajiye kunya ta bi shawara." Ni kuma in sunkuyar da kai kamar amarya.

Ina fita takaba Ɗantala ya fara aiko saƙon murya. Ku ji irinsa:

"Salamu alaikum Hamdiya. Ina kwana. Ina gajiya. Ina gida. Ina Inna. Ina yarinya. Ina zafi. Ina tunkiya, ta bar tarin?"

Kafin ya gama gaisuwa ruwan tuwo ya tafasa. Can ƙarshe sai ya ce, "Dama na ce in tuna miki ranar awo." Kullum ta Allah sai ya tuna mini ranar awo. Wata rana dai ya yi ƙarfin hali ya ƙara da cewa in ya gan ni a layi sai allurar sikeli ta riƙa yi masa rawa a ido.

Inna da ke tankaɗe gari, kunnenta na wurina, ta ce, "Mutum mai aiki, mai moto, mai guga. Wa kike jira, gwamna?"

"Inna, ko ƙamshin Ashiru bai bar ɗakin nan ba."

"Turaren wancan zai kore shi. Na ji ƙarfinsa tun daga zaure."

Ba zan ɓoye muku ba, nakan saurari saƙon. Wani ma sau biyu. Gidan ya yi shiru da yawa, kuma akwai daɗi a ce wani ya damu da tarin tunkiyarka.

To gaisuwar Ɗantala ce ta cika mini salula. Ta daina karɓar hoto, ta riƙa tsayawa cak kamar jaki a bakin ruwa. Ranar awo na yi ƙorafi, ya ce, "Kawo, ƙaramin aiki ne." Ya karkata hula, ya yi ta danne-danne, ya miƙo mini yana murmushi. "Na share miki komai da komai. Ta zama sabuwa fil."

Har godiya na yi masa, masu karatu. Har da "Allah ya saka".

Sai da rana ta take, na saki labule, yarinya ta zo ta tsaya a gabana da bakinta a buɗe, na shiga neman Ashiru. Babu. Na yi sama, na yi ƙasa. Fili fetal. Ranar da ya rasu mutane sun riƙe ni. Wannan karon ba mai riƙe ni, don ba wanda ya san an sake yi mini mutuwa.

Na kira shi. "Ɗantala, ina muryar mijina?"

"Wace murya?"

Na gaya masa. Sai na ji ya ce, "Innalillahi."

In faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Ya hau moto da salular har Maraɗi wurin masu gyara, suka ce abin da ya tafi ya tafi. Da ya dawo sai ya yi abin da har yanzu in na tuna ban san ko in yi dariya ko in jefe shi da muciya ba. Ya tambaye ni kalmomin, ya shiga bayan rumfa, ya kumbura murya ya ɗauki kansa yana cewa "Haaam! Yawwa gwanata!" Na kunna mata. Ta dubi salular, ta dube ni, ta juya ta koma bakin ƙofa. Ko tunkiya ba ta yarda ba.

Igiyar roba ta koma rawaya. Sannan ta fara leƙen ja.

Ana cikin haka sai ga Ɗahiru, ƙanen Ashiru, daga Gidan Rumji. Ya shigo ya ga yarinya, wuya kamar kara. Fitarsa kuma ya yi kiciɓis da Ɗantala a ƙofar gida, riƙe da ledar ayaba, fuska kamar wanda ya kashe mutum.

Ɗahiru ya dawo ciki. "Hamdiya, kin gama takaba, masu turare sun fara layi. Allah ya ba da sa'a. Amma wannan jininmu ce. Ba za mu bar ta ta bi ubanta ba. Zan dawo da Hajiya mu tafi da ita."

Hajiya ita ce uwar Ashiru, mai sunan.

Ko mayafi ban gyara ba na nufi rumfa. Na gaya wa Madam komai, labule da salula da aikin Ɗantala. Ta cire tabarau ta daɗe tana gogewa.

"Wato duk yabon da nake yi miki, mamaci nake yabo?"

"Eh, Madam."

"Kwamitin unguwa ya tsayar cewa yaron da muke kula da shi ba a ɗauke shi sai dangi biyu sun zauna a nan. Wannan zan iya. Amma ni ba alƙali ba ce, Hamdiya. In suka ga ba ta ci a hannunki, mi zan ce musu? Ba ni da wata dabara sai wadda na gaya miki tun ranar farko."

Na gwada, wallahi. Ni kaɗai a ɗaki na buɗe baki, sunan ya taho har maƙogwaro ya tsaya. Kamar a ce ki tuɓe zani a tsakiyar kasuwa.

Ranar zama na sa atamfar da Ashiru ya saya mini da ƙaramar salla, mai ruwan ganye, na ɗora farin hijabi. Hajiya ta sauko daga mota da baƙin zane da mayafi mai kauri, carbi a hannu, goro a kunci. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba. Liman ya zauna a madadin kwamiti. Matan unguwa kuwa kowace ta tuna ɗanta na bukatar awo a ranar. Ɗantala na laɓe a bayan sikeli, ko turare bai sa ba, shi ya sa ba wanda ya lura yana nan.

Madam ta yi bayani ba ta ɓoye komai ba, har maganar salula. Ɗahiru ya ce, "Kun ji ko? Waya ce ke renon ɗiyar. Ku tambaye ta, ko sau ɗaya ta taɓa ɗora ta a cinya a gaban mutane?"

Inna ta zabura. "Kai Ɗahiru, ɗiyar fari ce! So kake a ce ban yi wa 'yata tarbiyya ba?"

Raina na ce, Inna, da kin yi shiru da kin fi taimakona.

Aka kawo kunu. Na miƙa cokali daga inda nake zaune, na ce, "Ke, karɓi." Ta kau da kai. Hajiya ta gwada, ta kau da kai. Ɗahiru ya ciro biskit daga aljihu, ko kallo bai ishe ta ba.

"A Gidan Rumji akwai yara cike da gida," in ji shi. "Za ta ga suna ci ta ci." Liman ya yi gyaran murya ya ce rai dai shi ne gaba da komai. Madam ta dube ni ta saman tabarau.

Ɗahiru ya sunkuya ya ɗauke ta, ya ɗora a kafaɗa, ya nufi inda motar take. Kafaɗarsa irin ta Ashiru ce sak. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora haɓa a kafaɗar tana kallona, irin kallon da take yi wa zaure. Sai na gane ba ta jiran in kira ta. Ba ta ma san na san sunanta ba.

"Lubabatu!"

Ga shi na rubuta. Haka ya fito, da ƙarfi, har kwanon rumfa ya amsa.

Inna ta ce, "Na shiga uku," ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata mata ta saki ɗanta a cikin wandon awo yana lilo. Ni kuwa tunda zanen ya riga ya faɗi, sai na ci gaba. Kalmomin Ashiru duk suna kaina.

"Lubabatu, 'yar Baba, zo buɗe baki."

Ta fara mutsu-mutsu har Ɗahiru ya sauke ta. Ta taho a hankali. Ta ɗaga hijabina ta leƙa, ta laluba cinyata, tana neman inda na ɓoye salula. Da ba ta gani ba ta sa yatsa ta taɓa leɓena.

"Baba?"

"Ba Baba ba ne. Ni ce."

Na ɗora ta a cinya a gaban liman, a gaban Inna, a gaban rabin unguwa. Nauyinta bai kai na kaza ba. Na ɗebo kunu, na ce, "Haaam."

Kada in yi muku ƙarya, ba ta shanye ba. Ta sha kaɗan, ta fesa mini saura a farin hijabi. Amma ta haɗiye, kowa ya ga maƙogwaronta ya motsa.

"Hajiya, kin ji?" in ji Ɗahiru. "A gabanki ta kama sunanki gatsau!"

"Rufe min baki," in ji Hajiya. Ta juyo, karon farko ta dube ni. "Ke, sake hwaɗi."

Na sake, a hankali, kaina a ƙasa.

Ta daɗe tana juya carbi. Sannan ta ce, "Ubanta shi ne na farina. Tun da na haihe shi 'kai' nika ce mai. Ranar da anka kira ni, na iske an kai shi. Na zamna ɗakinai, na so in kira shi ko sau guda, bakina bai san hanya ba."

Ta tofar da goron a hannu. Leɓenta ya yi ta motsi kamar mai taɓa abinci mai zafi. Can sai ta ce, "Ashiru."

Ba da ƙarfi ba. Amma na ji, Ɗahiru ma ya ji, don ya juya baya yana gyaran hula wadda ba ta karkace ba. Madam Balkisu, jandarma guda, ta sake cire tabarau.

Hajiya ta share fuska da bakin mayafi. "Ɗiya tana wurin uwatta. Ɗahiru, tahi gida ka aiko min da kayana. Nan zan zamna in ga ƙibatta da idona."

Inna ta buɗe fuska da sauri. Ɗaki biyu ne gidan, masu karatu, kun dai tuna.

Da la'asar ina zaune a bakin ƙofa, wurin Ashiru, Lubabatu a cinyata, kofin kunu a gefe. Inna ta shimfiɗa tabarmarta a gabas, Hajiya ta shimfiɗa tata a yamma, suna yi wa juna sannu irin wadda ba ta kai ciki ba. Sai salula ta yi ƙara.

"Wane ne?" in ji Hajiya.

"Mai awo ne, Hajiya."

"Wanda ya sake bizne min ɗa? Kunna mu ji."

Inna ta jawo tabarmarta kusa. Na danna.

"Salamu alaikum Hamdiya. Ina wuni. Ina gajiya. Ina Inna. Ina Hajiya, ina gajiyar hanya. Ina yarinya. Ina tunkiya." Ya ja numfashi mai tsawo. "Hamdiya, yau kam ba maganar awo zan yi ba."

Hajiya ta ɗaga hannu ta ce in tsayar. "Ba ɗiya abincinta tukuna. In ta ƙoshi sai mu ji ƙaryar da zai yi."

Na kife salular a tabarma, na ɗebo kunu.

"Lubabatu," na ce. Tun kafin in ce haaam ta buɗe baki.